'Yar Fari da Kalmomin da Ake Goyo

Duk wanda ya san ni a Birnin Gwari ya san bakina ba shi da linzami. Na taɓa tare mai sayar da takin zamani a tsakiyar kasuwa na ce masa rabin buhunsa yashi ne, na kuma zazzage buhun a gabansa don kada ya ce ƙazafi na yi masa. Malamin ajinmu na yaƙi da jahilci ma ya sha nasa. Na ce masa in dai a makare zai riƙa zuwa, to ya riƙa biyawa ta gidajenmu yana sauke mana tukunya, tunda mu aiki muka bari muka zo. Sai da na haura arba'in na riƙe fensir, saboda haka ban shiga aji da nauyin baki irin na yara ba. Abin da ban gane ba sai in ce ban gane ba, a maimaita.

Mutum guda ne a duniya bakin nan yake mutuwa a gabansa, ita ce 'yata ta fari.

Haka muka tarar, haka aka yi mana, haka muka yi. Ba a kama sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ranar da aka yaye ta innata ta goya ta sai Zariya, inda take zaune wajen ƙanena malamin makaranta. Can ta tashi cikin ƙannena, ta ji suna ce mini Yaya, ita ma ta ɗauka. Har gobe Yaya take ce mini. Ni kuwa in ta kama dole sai in ce 'yar Zariya, ko waccan, ko in yi nuni da haɓa.

Ta yi karatu, wannan kam ba a magana. Ta karanci Faransanci, daga nan ta faɗa harshen mutanen Sifaniya, har ta kai ga babban digirin da ake rubuta littafi guda kafin a ba mutum. Akwai wata malama can ƙasar Sifaniya da ke duba mata aikin ta waya. Duk wannan a bakin mutane nake ji, ina yi kamar ban ji ba.

Wata damina, masara ta fara goyo, sai ga ta da akwati da kwamfuta. Wai ta zo gida ta ƙarasa rubutun, don Zariya akwai hayaniya. Na ce a raina, lallai yarinyar nan ba ta san gidan ubanta ba. A lokacin ƙanwar maigidana tana zaune tare da mu, ta baro Kusasu sa'ad da zaman ƙauye ya gagara, kuma ita kaɗai ta fi kasuwar Alhamis surutu. Yara suna ce mata Gwaggo, ni ma haka nake ce mata. Ita kuma matarmu take ce mini, mun fi shekara talatin muna tsokanar juna.

Washegari da la'asar ina tsinkar zogale a bakin murhu, na ba tsakar gida baya. Na yafito Gwaggo na raɗa mata abin da nake so ta tambaya. Ita kuwa ba ta iya raɗa ba.

“'Yar nan,” in ji Gwaggo, “wai ana tambaya, wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa? Likita za ki zama ko alƙali?”

“Wa ke tambaya, Gwaggo?”

“Mutanen gari.”

Na ji dariyarta a bayana. Ta ce, “To ki gaya wa mutanen gari, a kan wasu ƙananan kalmomi nake aiki. Kin ga yadda muke cewa ba ni shi, ko ya ba ta? To su ma mutanen Sifaniya suna da irinsu: me, te, lo, la, le, se. Sai dai nasu ba sa iya tsayuwa da ƙafarsu. Dole sai sun jingina da kalmar aiki, kamar jariri da uwarsa. Wani lokaci a rungume su ta gaba, wani lokaci a goya su a baya. In kina ba da labari kika ce yana ba ni shi, sai ki ce me lo da, suna gaba. In umarni kike bayarwa, ba ni shi, sai ki ce dámelo, sun koma baya sun manne. Kuma in biyu suka haɗu, akwai wanda ke riga wani, ba a sauya musu wuri.”

Gwaggo ta riƙe haɓa. “Yanzu duk hanyar Kaduna ɗin nan da kike ratsawa da ranki a hannu, a kan shi da mini ne?”

“A kansu ne.”

“Innalillahi. Mutanen ba su san yadda ake magana da harshensu ba ne, sai kin je kin nuna musu?”

“Sun sani, Gwaggo. Ke ma kin san Hausa, amma ba za ki iya faɗin dalilin da ya sa kike cewa ba ni shi, ba kya cewa ba shi ni ba. Dalilin nake nema.”

Ni kuwa abin ya taɓo wani darasi da na sha wahalarsa a aji. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce na ce wa tukunya, “Wakilin suna ke nan.”

Na ji idon waccan a ƙeyata. Sai na tashi na hau korar wata kaza da ba ta yi mini komai ba.

Daga ranar Gwaggo ta zama 'yar aikena, ita kuma waccan ta gane, sai ta riƙa ɗaga murya in tana ba da amsa. Ta haka na fahimci sauran. Masu irin nahawun da take bi ba sa farawa da kalma. Suna farawa da abin da mai magana yake nufi: wa ya yi, me aka yi, wa aka yi wa, wanne ne mai saurare ya riga ya sani har ba sai an sake kama sunansa ba. Daga nan ake jera ƙa'idoji, wannan bayan wannan, har su fitar da kalmar da ta dace a gurbin da ya dace. Ta ce kamar injin niƙa ne, ka zuba nufi ta sama, jimla ta fito ta ƙasa. In abin da ya fito mutumin Sifaniya ba zai faɗe shi ba, to injinka ne ke da ciwo. Ita injin take ƙerawa, amma na takarda.

Wuta ba ta zama a unguwarmu, kwamfutar kan mutu tun kafin azahar. Sai ta je shagon bakin layi ta kwaso kwalayen taliya da na sabulu, ta yayyanka, ta rubuta kalma guda a kowanne, ta lanƙwasa su ta rataya a igiyar shanyata. Kalmar aiki a tsakiya, ƙananan a gefe. Ta yini tana jan wannan gaba, tana mai da wancan baya, tana magana ita kaɗai. Igiya ɗaya ta cika, ta kama ta biyu.

Na fito da wanki a bokiti na tsaya. Na ce wa bango, “Wasu mutane dai sun ɗauka zannuwan gidan nan a kan rufi ake shanya su.”

Ta ce wa kwalinta, “A ba wa wasu mutane haƙuri, na ɗan lokaci ne.”

A kan katanga na yi ta shanya duk daminar nan. Kuma ba zan ɓoye ba, in ta fita nakan je in tsaya gaban igiyar in karanta. Me. Te. Lo. Haruffan dai irin namu ne, babu wanda ya gagare ni. Ranar da na fara yi sai na ce a raina: ni da sai da furfura ta fara fito mini na san bambancin harafin ba da harafin da, ga ni ina karanta harshen wata ƙasa a tsakar gidana. Da akuyarmu ta miƙe tsaye ta cinye wani la, dukan da na yi mata sai da maƙwabta suka leƙo. Na ce igiyata take neman tsinkewa.

Ana nan sai na lura fara'ar waccan ta ragu. Tuwo take bari a kwano. Gwaggo ta binciko mini. Ashe akwai inda injin yake cijewa. Suna da le, wato masa, suna da lo, wato shi. In za a ce ya ba shi shi, hankali zai ce a jera su le lo. To ba sa faɗin haka. Da sun haɗu sai le ya tuɓe rigarsa ya zama se, a ce se lo. Ma'ana ba ta sauya ba, aikin kalmar bai sauya ba, kuma shi se ɗin yana da nasa ayyukan daban. Ita kuwa tsarinta duk a kan aiki da nufi ya tsaya. In ta gyara ƙa'ida don ta kama wannan, sai wasu jimloli da ke fita daidai a da su karkace. Ta gyara can, nan ya ɓalle.

Gwaggo ta ce, “Wannan se ɗin ɗan banza ne. Ki cire shi kawai.”

“Ba ni na sa shi ba, Gwaggo.”

Wata Talata waccan ta tashi da sassafe ta jera igiyoyin wani sabon jeri, tana yi tana gyaɗa kai, kamar ta hango bakin zaren. Kafin ta kwafe a takarda sai ta tuna akwai saƙon da za ta tura, ta fita neman sabis. A lokacin wayar mutum ba ta kama komai a cikin unguwa, sai an hau wani faffaɗan dutse da ke bayan gari. Ni kuma na tafi barkar haihuwa. Hadari ya taso daga wajen daji, baƙi ƙirin. Gwaggo, baiwar Allah, ta ga shanya a igiya ga ruwa na zuwa, ta yi abin da kowace macen kirki za ta yi. Ta kwashe tas. Kuma da yake ita mai tsari ce, ta ware na taliya gefe guda, na sabulu gefe guda, manya a ƙasa ƙanana a sama, ta ɗaure da tsumma ta ajiye a kan gado.

Na dawo na tarar da waccan tsaye a jiƙe gaban igiya wayam, Gwaggo tana jiran a gode mata.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ta zauna a kan turmi ta ce, ba da kowa ba, “Shi ke nan. Dama abin ba ya tafiya. Ranar Juma'a zan yi magana da malamata, zan ce mata na bari. In nemi koyarwa a firamare in huta. Gwaggo ta yi gaskiya, wa shi da mini za su amfana?”

Gwaggo ta fara rantse-rantse. Ita kuwa sai ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Yaya, ke me kika ce?”

Ni da na zazzage buhun taki a kasuwa. Na buɗe baki, maganar tana nan a cike, amma harshena ya zama dutse. Abin da ya fito shi ne, “Wa ya bar mini murhu ruwa ya jiƙa itace?” Na shige ɗaki.

Ta labule na ga ta gyaɗa kai, irin na wanda ya sami amsar da yake zato.

Daga Talata zuwa Juma'a babu dabarar da ban yi ba. Na fara da ubanta. Na same shi yana wasa fartanya na ce, “Malam, 'yarka za ta watsar da karatunta, ka yi mata magana.” Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a masallaci. Ya ce, “Ni? Ai kin san ba a haka.” Tasa kunyar ta fi tawa. Tun da ta zo, in ya ji motsinta a zaure sai ya tuna akwai abin da ya manta a gona.

Na aiki Gwaggo. Na ce ta ce ana cewa kada a bari, wanda gugansa ya kusa bakin rijiya ba ya sakin igiya. Gwaggo ta je ta faɗa, amma ta ƙara da nata: wai in ma an bari ba komai, akwai wani ɗan ƙawarta a Gayam mai injin casar shinkafa, bai yi aure ba. Da na ji sai da na bi ta da muciya.

Na yi dambu, don na ji an ce 'yar Zariya tana so. Ashe ƙanwarta ce mai son dambu. A nan na tsaya da mara a hannu na gane ban ma san abin da 'yar nan take so a baki ba. Innata ce ta sani, ita kuwa ta riga mu gidan gaskiya.

Ranar Alhamis na ɗaure akuya kusa da tagar waccan na yi wa akuyar huɗuba. Na ce, “Ke dai ba ki da zuciya. A sa miki dusa, ki ci rabi ki bar rabi. Dabbar kirki in ta fara abu tana gamawa.” Na yi ta yi har akuyar ta kwanta.

Sai muryarta ta fito ta taga, a hankali. “Gwaggo, ki gaya wa mai akuya na gaji da saƙo. Tun ina yarinya a bakin mutane nake jin abin da ake nufi da ni. Mai magana ta faɗa da bakinta, in ba haka ba a bar ni.”

Gwaggo ba ta ma cikin gidan. Mu biyu ne kawai.

Ranar Juma'a da hantsi waccan ta sa hijabi ta ɗauki waya da takardunta ta fita. Na ba ta ɗan rata, na ɗauki kwano na bi bayanta. Gwaggo ta ce, “Ina zuwa, matarmu?” Na ce tafasa zan tsinko. Ta ce, “Tafasar da ke cike a bayan ɗakinki fa?” Na ce ta bayan gari ta fi daɗi. Kuma ko ba don komai ba, ba a barin 'ya mace ta je bakin daji ita kaɗai a irin wannan zamani.

Daga kan dutsen nan ana hango gonakin masara, bayansu kuma dajin ya miƙe shuɗi-shuɗi har inda ido ya ƙare. Ranar babu mutane sosai, sai wani Bafulatani can gefe yana ta ihu a waya a kan wata saniya, da 'yan sintiri biyu a gindin kaɗanya. Ta zauna ta jingina wayar da jakarta. Ni kuma na duƙa nesa kaɗan ina tsinkar abin da ko tafasa ba ne.

Wayar ta yi ƙara, fuska ta bayyana. Tsohuwa ce mai gajeren farin gashi da tabarau, ga fara'a. Suka gaisa da harshensu. Na ji muryar waccan ta sauka, na san ta ɗauko hanyar maganar da ta zo da ita. Sai na ga tsohuwar ta matso da fuskarta tana nuna wani abu da yatsa, tana ɗaga hannu. Ashe ɗuwawuna da kwanona sun shiga hoton.

Ba tare da ta waiwayo ba ta ce, “Yaya, tana tambaya wace ce. Na gaya mata. Tana gaishe ki.”

Nan take wani abu ya faɗo mini. Wannan mata baƙuwa ce. Babu wanda ya taɓa hana ni magana da baƙuwa. In kuwa baƙuwa ba ta jin Hausa, dole a sami tafinta, kuma duk faɗin Birnin Gwari tafinta ɗaya ne.

Na ajiye kwano, na gyara ɗaurin zane, na zo na durƙusa gaban wayar. Ban dubi kowa ba sai tsohuwar.

“Malama, sannu da aiki. Ya gida, ya yara, ya sanyin ƙasarku?”

Aka fassara. Ta amsa da dariya, ta dafa ƙirji.

“Malama, ni ba mai yawan ilimi ba ce. Da girmana na shiga aji, 'ya'yana suna yi mini dariya. Amma na san yadda ake ji in harafi ya ƙi mutum. Akwai lokacin da na yi wata ina kuka a kan haruffa biyu, ɗaya cikinsa gaba, ɗaya cikinsa baya. Ban mutu ba.”

Aka fassara. Tsohuwar ta daina dariya, ta gyara tabarau.

“Kuma ke ma da laifinki. Kin bar yarinya ita kaɗai da kwalaye da akuya, tana ramewa. Malamin kirki yana leƙa ɗalibinsa.”

“Yaya, ba zan faɗi wannan ba.”

“Ni da Malama nake magana. Tafinta ba ya zaɓe.”

Ta ja numfashi ta faɗa. Ban san yadda ta juya shi ba, amma na ji akuya ta shiga, don tsohuwar ta tuntsire har tabaranta ya zame. Ina saurare kuma sai na riƙa jin 'yan kalmomin igiyata suna wucewa a guje cikin maganar, ga la, ga le, ga me, kamar ka hango 'ya'yan unguwarku a tashar wani gari.

Na ce, “Malama, ba yabonta nake ba, mu ba ma yabon namu. Taurin kai gare ta, na kuma san inda ta samo shi. Yau ta hawo dutsen nan ne don ta ce miki ta bari, saboda wani se da ya hana ta cin tuwo. To kada ki karɓa.” Na tsaya, don abin da ke biye ya fi buhun masara nauyi. Na ce, “Uwarta ba ta yarda ba. Uwar da ta haife ta. Tana so ta ga ƙarshen aikin nan da idonta, ta kuma karanta abin da za ta iya karantawa a ciki.”

Tafinta ya ƙi aiki. Ina kallon tsohuwar, tsohuwar tana kallon gefena, Bafulatanin can yana ta fama da saniyarsa.

Na ce, “Malama, ki yi haƙuri, tafintan namu sabon shiga ne.”

Sai na ji dariya haɗe da jan hanci a kusa da kunnena. Ta fara faɗa, ta tsaya, ta sake ɗauka har ta kai ƙarshe. Da bakinta ta faɗa wa matar nan duk abin da na kasa faɗa mata.

Tsohuwar ta jima tana magana. Wannan karon ba a jira na tambaya ba, aka juyo mini da shi, ana kallon ƙasa. Wai ba ta san abin ya kai haka ba, kuma ta karɓi laifinta. Wai wannan se ɗin ba yau ya fara kayar da mutane ba, ita ma ya taɓa kayar da ita. Wai ba a ce dole injin ya niƙa komai ba. In ta nuna daidai inda yake cijewa, da dalilin da ya sa tsarin da ya dogara da aikin kalma yake tuntuɓe a wurin, wannan ma babi ne guda, mai yiwuwa ma ya fi sauran daraja. Sannan wai a tambaye ni ko na yarda a ƙara wa ɗalibar lokaci.

Na ce, “A ƙara. Amma ba da yawa ba, kada ta sangarce.”

Daga nan suka shiga nasu. Na ga ta buɗe takardu, ta ciro biro, muryarta ta dawo irin ta ranar da ta fara yi wa Gwaggo bayani. Na ɗauki kwanona zan koma gefe, sai fuskar tsohuwar ta daskare, baki a buɗe. Sabis ya gudu. Waccan ta ɗaga wayar sama, ya dawo. Ta sauke don ta yi rubutu, ya sake gudu. Ta miƙe tsaye, ta gwada riƙe waya da hannu ɗaya, takarda a gwiwa, iska ta kwashe mata shafi biyu.

Ta dube ni. Ba ta ce a gaya wa kowa ba.

“Yaya, riƙe mini. Sama sosai.”

Na karɓa. Na tsaya a kan dutsen nan, hannu a miƙe kamar mai kiran ruwa, fuskata wajen gonaki, ita tana zaune a ƙafafuna tana rubutu tana gardama da wata tsohuwa a wata duniya. Kafaɗata ta fara zafi, na sauya hannu. Na ji an ambaci se ya fi a ƙirga. Rana ta take, ladan ya fara gyaran murya a cikin gari, ba su gama ba.

Ɗaya daga cikin 'yan sintirin, wanda ya san ni ya kuma san ko wace ce ke zaune, ya taso yana murmushi. “Hajiya, yau kuma ke ce ƙarfen sabis? Wa ake yi wa hidima haka?”

Na ce, “Baƙuwa ce daga Sifaniya. Ka matsa, kana tare mana iska.”